Tambaya da Amsa: Ga rana, ga iska, ga ruwa, to ina wayar da za ta kawo wutar?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. A fitowar da ta wuce na yi wata magana a taƙaice, nace yanzu farantin sola ya yi araha a duniya sosai, abin da ya rage mai wahala shi ne manyan layukan da za su ɗauko wutar daga inda aka samar da ita su kai ta inda jama'a suke. To ashe maganar ta taɓa mutane, saƙonni suka yi ta shigowa har na rasa wanda zan ɗauka, don haka wannan makon gaba ɗaya filin nasu ne. Na ɗan gyara rubutun wasu saboda tsawo amma ban taɓa ma'ana ba.

TAMBAYA: Salam Malam, ni mai walda ne a Kano, shekara goma sha ina wannan sana'a kuma rabin abin da nake samu a man janareto yake tafiya. Kullum a rediyo sai kaji ana cewa Arewa ce ke da rana, to in haka ne me ya hana a shimfiɗa sola a nan kusa da mu kowa ya huta, me kuma ya kawo zancen waya mai ɗaruruwan kilomita? Ni a ganina wata hanyar cin kuɗi ce kawai. Daga wani mai walda, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Zarginka ban ga laifinsa ba don an sha yi mana alkawari ba a cika ba, amma ita wayar kanta ba ƙirƙirarta aka yi don a ci kuɗi ba, dole ce ta kawo ta, bari kaji.

Ka san tumatirin Kadawa da Kura ai. In kaka ta yi zaka ga kwando kwando a bakin titi ana neman mai saye ko nawa ne, a daidai wannan lokacin kuma a Legas tumatir yana tsada, abin da ke tsakanin manomin nan da kuɗinsa shi ne titi da mota. To wutar lantarki ta fi tumatir saurin lalacewa nesa ba kusa ba, don shi tumatir zai iya kwana biyu a kwando, ita kuwa a daƙiƙar da aka samar da ita a daƙiƙar nan ake shanta, in ba a sha ba kuma babu batir ta tafi kenan. Da can da ake dogaro da gas da gawayin kwal da dizal abin da sauƙi, saboda makamashin ake ɗaukowa a tanka ko a bututu ko a jirgin ƙasa a kawo shi kusa da gari a ƙona. Amma rana ba a loda ta a tanka, iska ma haka, kogi ma inda Allah ya ajiye shi nan yake, kai ne zaka je inda suke ka kafa tasha sannan ka ja waya zuwa gari. Shi ya sa duk ƙasar da tace za ta bar mai da kwal ta koma makamashi mai tsafta, in ka bincika sai ka tarar babban ciwon kanta waya ce.

Kenya ta ɗanɗana wannan. A gefen tafkin Turkana can arewacin ƙasar akwai wata iska da kusan ba ta tsayawa, aka kafa injinan iska 365 masu bada megawat 310 (megawat shi ne ma'aunin yawan wutar da tasha ke bayarwa), aka gama su a 2017, amma layin da zai ɗauko wutar daga Loiyangalani zuwa Suswa kusa da Nairobi, tafiyar sama da kilomita 400, bai kammala ba, kamfanin Sifaniya da aka ba kwangilar ya karye ga kuma rigimar diyyar filaye a hanya. Sai a watan Satumba na 2018 aka haɗa layin. Sama da shekara guda injina suna tsaye iska tana wucewa a banza, kuma gwamnatin Kenya sai da ta biya tara ta wutar da ko kwan fitila ɗaya ba ta kunna ba. Wallahi duk sanda na tuna wannan labarin sai in tuna 2016 a nan gida, lokacin da kamfanoni 14 suka sa hannu a yarjejeniyar gina tashoshin sola na sama da megawat 1,000, akasarinsu a jihohin Arewa, shekaru suka yi ta wucewa ba a ga tashoshin ba. Babbar rigimar a kan farashi ce da garantin biyan kuɗi, amma ko da an gina su tambayar tana nan, wane layi ne zai kwashe wutar?

Yanzu ga inda maganarka take da ƙarfi. Gaskiya ne ku a Kano rana tana kanku, ba sai an je nesa ba, ga ma tashar sola ta megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a 2023. To amma ka duba, rana tana faɗuwa da magariba, kuma daga magariba zuwa wajen goma na dare shi ne lokacin da kowane gida ke kunna fitila da fanka da talabijin, wato sanda aka fi buƙatar wuta shi ne sanda sola ta tafi barci. A wannan lokacin ruwa ne zai karɓe ta, ruwan kuma yana ina? Kainji mai megawat 760 tun 1968, Jebba, Shiroro mai 600, sai sabuwar Zungeru mai 700, duk suna can yankin Neja da bakin iyakar Kwara. In da layuka masu kyau, da rana sai Kano da Katsina da Jigawa su tura wutar sola kudu, madatsun ruwa su rage sakin ruwa su adana shi, da daddare kuma su saki ruwan wuta ta dawo mana, kaga madatsar ta zama katon batir ba tare da an sayi batir ba. Haka damina da rani, da damina hadari yana rage sola amma ruwa ya cika dam, da rani ruwa ya ja baya rana kuma ta buɗe. Wannan musayar ba za ta yiwu ba sai da waya mai tsawo kuma mai ɗaukar kaya.

Kuma injin waldarka ba irin abin da ɗan faranti biyu da batir ɗaya za su riƙe ba ne, kai ka fi ni sani, balle masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Hukumar makamashi ta duniya IEA ta fitar da rahoto a 2023 tace nan da 2040 duniya na buƙatar ta gina ko ta sabunta layukan wuta na kilomita miliyan 80, kwatankwacin duk abin da ake da shi yanzu, tace kuma akwai ayyukan sola da iska na gigawat 3,000, wato megawat miliyan uku, da suke layi suna jiran a haɗa su da babban layi. Kaga ba mu kaɗai ba ne, sai dai namu ya fi tsanani don ko abin da muke da shi ba ma iya ɗauka, tashoshin Najeriya a takarda sun kai wajen megawat 13,000 amma mafi yawan abin da aka taɓa turawa a lokaci ɗaya bai kai 6,000 ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ni ɗalibi ne a foli ina ajin farko. Don Allah me ya sa ake cewa layin 330 da layin 132, kuma naji ance na China DC ne ba AC ba, alhali mu an koya mana AC ce ake turawa nesa. Wanne ne daidai? Daga wani ɗalibi, Kaduna.

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya bada sa'ar karatu. Duka biyun daidai ne, kowanne da inda ya fi. AC ita ce wutar da ke kai-komo a cikin waya, irin ta soket ɗin gida, DC kuma mai gudu hanya ɗaya, irin ta batir.

Waya tana cin wuta, tana mayar da wani kaso ya zama zafi ya bi iska, kuma wannan asarar ba da ƙarfin turin wutar take tafiya ba, da yawan wutar da ke gudu cikin wayar take tafiya, kuma ninki take yi a kan ninki. In ka ɗaga ƙarfin turi sau goma, misali daga kilobolt 33 zuwa 330, yawan abin da ke gudu a wayar zai ragu sau goma don kai kaya iri ɗaya, asarar kuma ta ragu sau ɗari. Dalilin kenan da ya sa daga tasha ake ɗaga ta zuwa 330, in ta iso tashoshi irin su Mando a Kaduna ko Kumbotso a Kano a sauke ta zuwa 132, sannan 33, sannan 11, har transifomar unguwarku ta sauke ta zuwa wadda kake caja waya da ita. AC ta ci kasuwa tun farko ne saboda transifoma da ita take aiki, ɗagawa da saukewa ba wuya.

Amma in tafiya ta yi nisa sosai AC tana fara gajiya, saboda kai-komon da take yi sau hamsin a daƙiƙa yana sa layin kansa ya riƙa riƙe wani kaso na wutar, a ƙarƙashin teku ma abin ya fi muni. DC kuwa miƙewa take yi hanya ɗaya, asararta a kilomita 1,000 ba ta wuce wajen kashi 3 cikin ɗari, kuma wayoyi biyu sun isa maimakon uku. Matsalarta tashoshin da ke bakin layin nan da can, masu juya AC zuwa DC su sake juyo ta, kamar inbatar gidanku ce amma mai girman unguwa guda, kuma tsada gare su ba kaɗan ba. Don haka sai layi ya kai wajen kilomita 600 zuwa 800 kafin kuɗin ya fita. Wata matsalar kuma ba a tsayawa a hanya, kamar motar da ta ɗauko lodi daga Kano sai Legas ce, ba ta sauke kowa a Zariya.

Na China da kaji shi ne layin Changji zuwa Guquan, daga Xinjiang a yamma zuwa lardin Anhui a gabas, kusan kilomita 3,300, kilobolt 1,100, yana ɗaukar megawat 12,000, ya fara aiki sosai a 2019. Ka tsaya ka auna, layi ɗaya tal yana ɗaukar ninki biyu na duk abin da Najeriya ta taɓa turawa. Brazil ma ta ja daga madatsar Belo Monte zuwa Rio sama da kilomita 2,500. A Afirka akwai na Habasha zuwa Kenya, daga Sodo zuwa Suswa, kilomita 1,045 mai iya ɗaukar megawat 2,000, wanda ya fara kai wutar ruwa a 2022, kuma tun 1982 Kongo take da na Inga zuwa Kolwezi mai kilomita 1,700. In kana neman ɓangaren da zaka ƙware a kai ka riƙe wannan da kyau, masu iya shi ba su da yawa a ƙasar nan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni malamar makaranta ce a Maraɗi. Mu dai mun ga abin da dogaro da wayar maƙwabci yake jawowa, a 2023 da aka yanke mana wuta daga Najeriya mun sha wahalar da ba a faɗa, yara ba karatun dare, masu sayar da ƙanƙara da masu niƙa duk sun tsaya. Yanzu kuma kana cewa a ƙara jan layi tsakanin ƙasashe? Ba gara kowa ya tsaya da ƙafarsa ba? Daga wata malama, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, sannunku da haƙuri. Ba zan ɓoye miki ra'ayina ba, yanke wutar nan da aka yi a matsayin takunkumi bayan juyin mulkin Nijar kuskure ne babba, don waɗanda suka yi juyin mulkin na 26 ga Yulin 2023 ba su ne suka kwana cikin zafi ba, talakan Yamai da Dosso da Maraɗi da Damagaram ne da marasa lafiya a asibiti. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma na Katsina zuwa Gazawa wanda ku yake ba ku, kuma sai da aka ɗage takunkumi a farkon 2024 aka dawo da ita. Ɓarnar da aka yi ta wuce ta watannin nan, don an koya wa kowace ƙasa a yankin cewa waya tana iya zama bulala, alhali shekara da shekaru ana ƙoƙarin gina amana a ƙarƙashin tsarin haɗa wutar Afirka ta Yamma da ECOWAS ta kafa tun 1999.

To amma Malama ki duba inda ciwon yake. Abin da ya cuce ku shi ne hanya ɗaya ce kuma daga hannu ɗaya, ku kuna saye ba ku da abin sayarwa. Nijar ta yi daidai da ta buɗe tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023, kuma in Allah ya sa aka gama madatsar Kandadji mai megawat 130 a yankin Tillaberi abin zai ƙara sauƙi. Amma ranar da Allah ya ba Nijar ta fi ƙarfin buƙatar Nijar, daga Tawa zuwa Agadas fili ne da rana wadda ƙasashe da yawa suke mafarkin samu, to in kun shimfiɗa sola mai yawa wa za ku sayar wa in babu layi? Akwai aikin layin 330 da aka ƙaddamar a 2022, daga Birnin Kebbi zuwa Yamai zuwa Wagadugu da reshe zuwa Malanbil a Benin, kusan kilomita 900, kuma ita waya ba ruwanta da wane ɓangare wutar ta fito, yadda take kai ta arewa haka za ta iya kawo ta kudu. Ranar da Sakkwato da Kebbi suke shan solar Nijar da azahar, Yamai kuma tana shan ruwan Kainji da daddare, ranar ce babu wanda zai yi gigin taɓa makunni don ya san nasa gidan ma zai yi duhu. Ni wannan nake fata, kowa ya tsaya da ƙafarsa kamar yadda kika ce amma a riƙe hannun juna.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dattijo ne manomi, jikana ne ya rubuta mini wannan. Shekarun baya aka zo aka auna gonata aka kafa turken ƙarfe a tsakiya, aka sare mini mangwaro huɗu da ɗorawa, abin da aka ba ni bai kai kuɗin amfanin shekara biyu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, waya tana wucewa ta kanmu tana ƙugi dare da rana amma garinmu ko kwan fitila babu. Wannan adalci ne? Daga wani manomi, jihar Neja.

AMSA: Baba barka dai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikan naka da ya rubuto. Ba adalci ba ne Baba, kuma duk cikin saƙonnin makon nan naka ne ya fi tsaya mini a rai.

Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka in gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a abin da ake biya diyya a kai shi ne abin da ke kan filin, gini da shuka da itatuwa, ba ita ƙasar ba. A nan ake cutar manomi, don mai ƙiyasi zai zo ya rubuta mangwaro kaza kuɗi kaza kamar itacen girki, alhali bishiyar nan shekara talatin za ta yi tana ciyar da gida, ɗorawa kuwa har jikoki sai sun ci kalwarta. Ayyukan da Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka suke ba da kuɗinsu suna da sharaɗin a biya abin da zai maye gurbin asarar gaba ɗaya kuma a buɗe hanyar kai koke, don haka duk garin da aka zo aunawa yanzu, shawarata kada kowa ya sa hannu shi kaɗai, ku haɗu da mai gari a rubuta komai a gabanku, a ɗauki hoton kowace bishiya, ku tambayi wa ke ba da kuɗin aikin kuma ina ake kai ƙorafi, ku riƙe kwafin takarda.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ne ake wannan rigima. A Jamus iskar tana arewa bakin teku masana'antu kuma suna kudu, suka tsara layin SuedLink mai kusan kilomita 700, mutanen karkara suka ce ba za a kafa musu turaku a gonaki ba, har a 2015 gwamnati ta yarda a binne wayar a ƙasa duk da tsadar ta ninka, aikin da aka so gamawa a 2022 ya koma 2028. A Amurka layin SunZia mai kusan kilomita 885 da aka tsara don kwaso wutar iska daga New Mexico zuwa Arizona, wajen shekara 17 aka yi ana neman izini da sasantawa kafin a fara gini a 2023. Bambancin shi ne can sai an zauna da mai gona, nan kuwa sau da yawa sai dai ya wayi gari ya ga an kafa fegi.

Maganar duhun garinku, masu aikin za su ce maka wutar da ke saman nan ta fi ƙarfin gari, sauke ta sai an gina tasha mai tsadar gaske, kuma gaskiya ne. Amma ba a rasa dabara ba. A Ghana tun shekarun 1980, da aka ja babban layi zuwa arewacin ƙasar wajen Tamale, injiniyoyi suka yi amfani da siririyar wayar nan ta can ƙololuwar turke wadda aikinta kare layi daga tsawa, suka sa mata wuta daidai ta gari suka riƙa saukewa ƙauyukan da ke kan hanya da ƙaramar transifoma. Yau ma ga sola, kuɗin kafa wa gari irin naku ƙaramar tasha da batir ba komai ba ne in aka kwatanta da kuɗin jan babban layin. A ganina kamata ya yi ya zama doka, duk garin da babban layi ya ratsa gonakinsa a sa wutarsa cikin kuɗin kwangilar tun farko, kafin a ɗaura waya ta farko.

TAMBAYA: Malam akwai fili mai araha da ake son sayar mini amma yana ƙarƙashin babbar waya, ance ba komai tunda wayar tana can sama. In saya? Daga wata mai ɗinki, Gusau.

AMSA: Ƙanwata kada ki saya. Ƙa'ida ita ce layin 330 ana bar masa mita 50, wato 25 kowane gefe, na 132 kuma mita 30, duk ginin da ke ciki ana iya rushe shi ba diyya. Kuma irin wannan wutar ba sai an taɓa waya ba, tana iya tsallako iska ta kama mai ɗaga rodi ko kwanon rufi, ga shi da zafi waya tana saki ta sauko ƙasa fiye da yadda kika gan ta da safe. Arahar nan dalilinta kenan, ki ƙara haƙuri ki nemi wani wurin.

TAMBAYA: Malam duk wannan bayani naka mai kyau ne amma ka manta da tsaro. Turke nawa aka kayar a ƙasar nan? Me amfanin kashe biliyoyi a ja waya ta daji inda ɓarayi da 'yan bindiga za su kayar da ita a dare ɗaya? Daga wani direban tirela, Damaturu.

AMSA: Ban manta ba ɗan'uwa, kuma kai da kake Damaturu ka fi kowa ikon yin wannan tambaya, don a kan hanyarku ne aka tayar da turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri da bam a Janairun 2021, aka yi wata biyu ana gyara, aka dawo da wuta a Maris, ko sati ba a yi ba aka sake tayar da su, Maiduguri ta daɗe cikin duhu har sai da aka gina mata tashar gas ta megawat 50 a 2023. Sai kuma Oktoban 2024 wanda babu ɗan Arewa da zai manta, layin Shiroro zuwa Kaduna an riga an lalata shi kuma rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga dajin su gyara, aka dawo ana ba mu wuta ta layin da ya taso daga Ugwuaji a Enugu ya bi ta Makurdi zuwa Jos, shi ma ya faɗi, shikenan kusan duk jihohin Arewa suka yi sama da mako guda babu wuta. Na ga masu shinkafa da injinansu a tsaye, na ga mata suna yawo da jarka don famfon burtsatse ba ya tashi, abin har yanzu yana min ciwo.

Amma ka lura da abin da ya faru, layi biyu kacal suka faɗi mutane miliyoyi suka shiga duhu. Kai direba ne, in gada ta karye a hanyar Potiskum ka san ta inda zaka zaga, to wutar Arewa ba ta da zagaye isasshe, yawancinta kamar reshen bishiya take, a sare daga tushe duk ganye ya bushe. Maganin shi ne a ƙara hanyoyi su zama zobe, Kano ta samu ta Kaduna ta samu ta gabas ta samu ta Katsina zuwa Sakkwato da Kebbi, yadda in an kayar da turke a wuri ɗaya wutar za ta bi ta wani wajen, shi kansa mai kayarwar in ya ga bai kashe wa kowa wuta ba kwaɗayin abin zai ragu. Na biyu a samu tashoshi a cikin Arewar kanta, solar da muka yi magana da ƙananan madatsu irin su Daɗin Kowa da Tiga da Challawa, har da babbar madatsar Mambila da muke ji tun muna yara in Allah ya nufa, don in babban layi ya faɗi asibitoci da gidan ruwa su samu abin riƙewa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon su yi nasu, babu gwamnan da zai ce hannunsa a ɗaure yake.

Mozambik ta ga abin da ya fi namu, layin madatsar Cahora Bassa zuwa Afirka ta Kudu mai kilomita 1,400 an kayar da ɗaruruwan turakunsa a yaƙin basasa, ya yi shekara goma sha yana kwance, da aka samu zaman lafiya aka tashe shi wajajen 1998 kuma har yau yana aiki. Na uku kuwa shi ne ka koma ka karanta wasiƙar Baban nan na jihar Neja da ke sama, soja ba zai iya tsaron kowane turke a daji ba, wanda yake ganin wanda ya zo da sifana da daddare shi ne mutumin ƙauyen da turken ke gonarsa, kuma a halin yanzu an sare masa mangwaro an bar shi a duhu, in layin ya faɗi shi ko a jikinsa. Allah ya tsare hanya, a gaida mutanen Damaturu.